HAƊARIN BAKIN GAƁA: YADDA ZA KU SHIGA JIRGIN FITO KU SAUKA LAFIYA

Wanda ya karɓi wannan 'yar takarda a ɗakin shan magani, in ya iya karatu, ya taimaka ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, ko a zaure ko a cikin gida, domin maganar ta shafi kowa.

Yau zancenmu a kan jirgin ruwa ne, musamman haɗarin da kan auku sa'ad da jirgi zai bar gaɓa, da sa'ad da ya zo tsayawa. Na san wani zai ce, "Haba Malam, mu mutanen tudu ne, ina ruwanmu da jirgi? Wannan ai zancen mutanen Yawuri ne da Nufawa." To, a zamanin kakanninmu wannan magana gaskiya ce. Amma tun shekarar 1983, da aka gama ginin madatsar ruwa ta Zobe a kan gulbin Karaduwa, kudu da garin Dutsin-Ma, muka sami babban ruwa a ƙasarmu wanda ba ya ƙafewa rani da damina. Masunta suna shiga da kwalekwale, masu lambu suna ƙetarewa, yara suna zuwa kallo ranar Salla. A ƙasar Kurfi kuwa, rafin da ku ke ratsawa da ƙafa da rani, in watan Agusta ya kama sai ya cika ya batse. Ban da wannan, samarinmu suna tafiya cin rani har bakin Kwara, inda ba a zuwa kasuwa sai da jirgi.

Ga kuma abin da ya sa na fi jin tsoro dominku. Ɗan Sarkawa tun yana rarrafe ya ke wasa da ruwa, kafin ya yi wayo ya iya iyo. Mu kuwa yawancinmu ba mu iya ba. Ruwa ya zo ya same mu, ba mu koyi halinsa ba tukuna.

INDA HAƊARIN YA KE

In ka tambayi fasinja ina ya fi jin tsoro, zai ce maka tsakiyar ruwa. A can za ka ga kowa ya yi tsit, ya riƙe katako, ba mai motsi. Amma da zarar an hango gaɓa, sai tsoro ya gushe. Wannan ya miƙe yana neman buhunsa, wancan yana kiran ɗansa, wata tana gyara goyo, wani yana so ya riga kowa sauka don ya kama wuri a kasuwa. A daidai wannan lokaci ne jirgi ya fi bukatar natsuwa, a lokacin ne kuma mutane suka fi rasa ta.

Kada ku ce wai ƙaramin jirgi kaɗai ke yin haka. A birnin Shikago na ƙasar Amurka, ran 24 ga watan Yuli na 1915, wani babban jirgin ƙarfe mai suna Eastland ya ɗauki mutum wajen 2,500 za su yawon shan iska. Bai ko tashi ba, yana ɗaure a tasha, sai ya karkata ya kwanta a gefensa. Mutum 844 suka mutu, alhali ga gaɓa nan kusa, mutanen gari suna kallo.

Mu dawo gida. Ran 30 ga watan Nuwamba na 2021, jirgi ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai a jihar Kano, a kan ruwan madatsar Watari, ya nutse da mutane. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. A watan Mayu na 2022 kuma, ana cikin bukin Ƙaramar Salla, jirgi ya kife a ƙasar Mai'aduwa, nan jiharmu ta Katsina, mutum 15 ko fiye suka rasu, yawancinsu yara. Allah ya ji ƙansu.

A Bagwai, a cikin ruwa jirgin ya nutse, amma abin da aka ba da labari shi ne an yi masa lodi fiye da ƙarfinsa. To, a ina a ke yin lodi? A gaɓa. Watau a gaɓa aka yi kuskuren, ruwa sai dai ya ƙarasa aikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a duniya cikin shekarar 2021 kaɗai, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuwa yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ABIN DA KE SA JIRGI YA KIFE

Ku gwada wannan a gida, yara su gani. A zuba ruwa a babban daro, a ɗora ƙwarya a kai. A sa 'yan duwatsu a tsakiyar gindinta. Za ku ga ta zauna daram, ko an kaɗa ruwan sai ta yi rawa ta koma daidai. Sa'an nan a tura duwatsun duka gefe guda. Nan da nan bakinta zai sunkuya, ruwa ya shiga. A sāke gwadawa, a yi ta ƙara duwatsu har bakin ƙwaryar ya kusa taɓa ruwa. Yanzu ko yaro ya hura ta da baki, sai ta sha ruwa ta nutse.

Haka jirgi ya ke. Abu uku ke riƙe da shi: nauyi ya zauna ƙasa, nauyi ya rabu daidai dama da hagun, bakin jirgi kuma ya yi nisa da ruwa. Mutumin da ya miƙe tsaye ya ɗauke nauyi daga ƙasa ya kai shi sama. Mutanen da suka taru gefe guda sun ɓata rabon. Lodi mai yawa ya kawo bakin jirgi kusa da ruwa. A bakin gaɓa, sau da yawa abubuwan nan uku a tare su ke faruwa.

HAƊURA BIYAR NA BAKIN GAƁA

Na fari, tashi gaba ɗaya. Jirgi ya doshi gaɓa, mutum goma suka miƙe lokaci guda, duka suka nufi gefen da ke kusa da tudu. Jirgin ya karkata, kowa ya firgita ya koma ɗaya gefen, sai ya kife. Waɗanda ke ƙarƙashinsa kaya sun danne su, ga babbar riga da zane da mayafi sun jiƙe sun nannaɗe musu ƙafafu.

Na biyu, tsalle kafin a ɗaure jirgi. Jirgi ba tudu ba ne. Sa'ad da ka taka bakinsa ka yi tsalle gaba, ƙafarka tana tura shi baya. Kai kana tsammani taku ɗaya ne tsakaninka da gaɓa, sai ya zama taku biyu, ka faɗa tsakani. In ruwa ya komo da jirgin, sai ya buge ka a kai ko a ƙirji.

Na uku, sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da gaɓa, ko tsakanin jirgi da jirgi. Kwalekwale mai ɗauke da mutane da buhuna ya fi sa nauyi nesa. Ko yana tafiya sannu, yatsa ba ya tare shi. Na tuna an taɓa kawo mana wani yaro ɗan shekara kamar goma sha biyu, ya riƙe bakin jirgi da yatsunsa a waje, jirgin ya gogi wani. A gida aka shafa masa baƙin mai na inji da toka, aka ɗaure da tsumma. Sai a rana ta uku aka kawo shi, hannun ya kumbura yana wari. Da ƙyar aka ceci hannun, amma yatsa ɗaya bai tsira ba. Da a ranar aka wanke aka kawo shi, mai yiwuwa ne da yau yatsunsa biyar.

Na huɗu, igiya da inji. Kada ka naɗe igiyar jirgi a hannunka, kada kuma ka tsaya ƙafarka a cikin lauje na igiya. In jirgi ya fizga, igiyar za ta sāɓe fata, ko ta ja ka cikin ruwa. Jirgi mai inji kuwa yana da farfela a baya, a ƙarƙashin ruwa inda ido ba ya gani, tana yanka kamar wuƙar mahauci. Wanda ya faɗa ta bayan jirgi, ko yaron da ke wanka kusa, shi ne abincinta.

Na biyar, ƙasan ruwa da ba ka sani ba. Ruwan madatsa yana ja da baya da rani, ya dawo da damina, saboda haka inda aka sauka lafiya watan jiya ba lalle ne ya yi yau ba. Akwai laka mai riƙe ƙafa, akwai dutse mai gansakuka mai santsi, akwai kututturen itatuwan da ruwa ya rufe, akwai tsohon kwarin rafi da ramin masu ɗiban yashi. Ruwa yana iya gwiwa a nan, taku ɗaya gaba ya shanye mutum. Ko ruwa iya ƙugu ma yana kisa, in mutum ya faɗi da kaya a ka ko da goyo a baya.

DOKOKIN FASINJA

1. In ka ga jirgi ya cika, ka jira sawu na biyu. Kasuwa ba ta guduwa, buki kuma ba ya ƙarewa don ka makara.

2. A shiga ɗaya bayan ɗaya. Ka taka tsakiyar jirgi, ba bakinsa ba, ka sunkuya, ka zauna inda matuƙi ya nuna maka.

3. Hannunka ya zama ba kaya sa'ad da ka ke shiga ko sauka. A miƙa kaya daban.

4. Uwa ta kwance goyo kafin ta shiga, ta rungume jaririn a gaba. In ta faɗi da shi a baya, kansa zai nutse ba ta sani ba, kwance zane a cikin ruwa kuwa da wuya. Wajen sauka, ta miƙa shi ga wanda ya riga ya tsaya a tudu.

5. Kada a tura yara su kaɗai. Kowane ƙaramin yaro ya zama da babban da ke riƙe da shi.

6. Yatsu a cikin jirgi, ba a bakinsa ba.

7. In akwai rigar ruwa, ka sa ta, ka ɗaure igiyoyinta tun kana tudu. Wadda aka zauna a kanta ba ta ceton kowa.

8. Kada kowa ya miƙe sai jirgi ya tsaya, an ɗaure shi, matuƙi ya ce a sauka. Na kusa da gaɓa shi zai fara, saura su zauna.

DOKOKIN MATUƘI

Kai kuma mai jirgi, rayukan mutane amana ne a hannunka. Ka san iyakar mutanen da jirginka ke ɗauka, ka ƙirga su da baki, kada kuɗin fito na mutum biyar ya sa ka yi asarar talatin. Kaya masu nauyi su fara shiga, a shimfiɗa su a ƙasa a tsakiya. A ɗaure dabba, a kwantar da babur. Sa ko raƙumi ba sa tafiya tare da mata da yara. Ka kwashe ruwan da ke cikin jirgi kafin lodi, domin ruwan da ke kai da kawowa a gindin jirgi shi ma yana taya shi karkata.

In ka doshi gaɓa, rage gudu tun daga nesa, ka kashe inji kafin ka iso wurin mutane, ka ƙarasa da filafili ko sandar tuƙi. Ka faɗa da ƙarfi, "Kowa ya zauna!" ko da sun ji jiya. Kada ka tsaya kusa da bangon madatsa ko mazubar ruwa. In hadari ya haɗo, musamman farkon damina da a ke iska mai ƙarfi, ka dakata. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, mai hedkwata a Lakwaja, ta hana jiragen fasinja tafiyar dare, ta kuma ce kowane fasinja ya sa rigar ruwa. Dalili a fili ya ke: wanda ya faɗa ruwa da dare ba a ganinsa.

IN MUTUM YA FAƊA RUWA

Ku sani wanda ruwa ke ci ba kasafai ya kan yi kururuwa ba, domin numfashin da zai yi ihu da shi ba ya da shi. Za ku gan shi a tsaye cikin ruwa, kansa ya koma baya, bakinsa yana nutsewa yana fitowa, hannuwansa suna dukan ruwa. Abin ba ya daɗewa.

Abu na fari, ka yi ihu a taru, matuƙi ya kashe inji. Abu na biyu, kada ka faɗa ruwa in ba gwanin iyo ba ne kai. An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Zai shaƙe ka ku nutse tare, a wayi gari ana makoki biyu a gida ɗaya.

Ka miƙa masa abu: sandar tuƙi, ko filafili, ko rawani, ko zane. Ka kwanta rub da ciki a gaɓa, wani ya riƙe ƙafafunka, don kada ya jawo ka. In ya yi nisa, ka jefa masa abin da ba ya nutsewa. Jarkar lita 20 da ba kome a ciki, in an rufe bakinta sosai, ta isa ta riƙe kan babban mutum a bisa ruwa. Haka babban goran masunta. In an ɗaura mata igiya, sai a jawo shi. In da jirgi za a ɗauko shi, a jawo shi ta goshin jirgi ko ta baya bayan an kashe inji, kada kowa ya ruga gefe guda.

Kai kuma da jirgi ya kife da kai, ka saki kaya, ka kama jikin jirgin ka riƙe. Jirgin katako sau da yawa ba ya nutsewa duka. Ka kwanta rigingine, fuska sama, ka buɗe hannuwa, ka yi numfashi sannu.

IN AN TSAMO SHI

Nan ne na ke so ku fi kasa kunne. Abin da ke kashe wanda ya nutse rashin iska ne, ba ruwan da ya sha a ciki ba. Ƙwaƙwalwa in ta yi kamar minti huɗu zuwa shida ba iska, sai ta fara lalacewa. Asibiti yana nesa, saboda haka wanda ke tsaye a gaɓa shi ne likitan farko.

Kada a danna masa ciki. Kada a ɗora shi a kan turmi a yi ta mirgina shi. Kada a riƙe yaro ta ƙafa a yi ƙasa da kansa. Duk waɗannan ɓata lokaci ne, kuma suna fito da abincin ciki ya shige hanyar numfashi. Tsohuwar hanyar nan ta danna baya da ɗaga hannuwa, wadda aka koya wa iyayenmu a makaranta, likitoci sun bar ta tuntuni. Ga yadda a ke yi:

1. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. A kira shi, a girgiza kafaɗarsa. A aiki wani ya nemo mota ko malamin asibiti.

2. Ka sa hannu ɗaya a goshinsa, ka ɗaga haɓarsa da yatsu biyu, kai ya koma baya. Ka kai kunnenka bakinsa, idonka a ƙirjinsa, ka ƙirga goma. Shaƙuwa jefi-jefi ba numfashi ba ne.

3. In ba ya numfashi, ka toshe hancinsa da yatsu, ka haɗa bakinka da nasa, ka hura har ka ga ƙirji ya tashi. Ka ɗaga baki iska ta fita. Ka yi haka sau biyar.

4. In bai motsa ba, ka ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a bisa, ka miƙe gwiwar hannu, ka danna ƙasa kamar inci biyu, ka saki. Ka yi sau 30, da sauri, kamar danni biyu a daƙiƙa guda.

5. Sa'an nan hurawa biyu, danni 30, hurawa biyu, danni 30. Kada a tsaya sai ya fara numfashi, ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. In ka gaji, wani ya canje ka.

6. Yaro ƙarami, hannu ɗaya ya isa. Jariri kuwa, bakinka ya rufe hancinsa da bakinsa tare, ka hura kaɗan, ka danna da yatsu biyu, kada kuma ka tanƙwara kansa baya da yawa.

7. In ya yi amai, a juya shi gefe, a share bakin, a mayar da shi a ci gaba.

Mata su koyi wannan kamar yadda maza za su koya, domin mace ta yi wa 'yar'uwarta. Amma in ba mace kusa, kada a tsaya jira. Rai ya fi kunya.

In ya fara numfashi, a kwantar da shi a gefensa, a cire jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi da busasshen bargo, musamman lokacin hunturu. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko jiƙo sai ya farfaɗo sarai. Sa'an nan, ko ya tashi yana magana ya ce ya warke, tilas a kai shi asibiti a ranar. Ruwan da ya shiga huhu ya kan ta da ciwo bayan sa'o'i. Tari, da haki, da kumfa a baki, da yawan barci, da ruɗewa, alamu ne na a gaggauta zuwa babban asibitin Dutsin-Ma ko wanda ya fi kusa.

RAUNIN JIRGI

In jini yana zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun ko ƙafar sama, a yi ta dannewa ba ɗagawa har minti goma. In ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ba ruwan madatsa ba, a rufe. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko man inji. A cire zobe da warwaro tun wurin bai kumbura ba. In ana zaton karaya, a sa kara ko sanda a ɗaure don kada ya motsa, kada a ja, a kawo shi asibiti kafin a nemi maɗori. In yatsa ya gutsure, a naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan laima, a sa a leda, a taho da shi. Wanda jirgi ya buge a kai ko a wuya, a ɗauke shi a kan faifan katako, wani ya riƙe kansa kada ya lanƙwashe.

Kowane rauni na ƙusa mai tsatsa ko na laka, a zo a duba ko ana bukatar allurar rigakafin ciwon sarƙe haƙora. Ƙwayar wannan cuta a ƙasa da kashin dabbobi ta ke zaune, in kuwa ta kama mutum maganinta da wuya.

TSARGIYA

Akwai wani haɗarin gaɓa wanda ba ya kifar da jirgi, amma yana cin mutum sannu. A ruwa marar zurfi mai ciyawa, inda ku ke tsoma ƙafa ku hau jirgi, a nan ƙananan katantanwa ke zama. Mai tsargiya in ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen cutar su kan ƙyanƙyashe su shiga katantanwa, bayan makonni su fito su huda fatar wanda ya shiga ruwan. Daga baya sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Wannan ba alamar balaga ba ce, kamar yadda waɗansu ke faɗi. Cuta ce mai rage jini, mai ɓata mafitsara in ta daɗe. Maganinta ƙwaya ce mai suna firazikwantal, wadda a ke bayarwa gwargwadon tsawon mutum ko nauyinsa. Kada a yi fitsari ko bayan gida a ruwa ko a bakinsa.

AIKIN GARI

Mai'unguwa da dagaci da Sarkin Ruwa da masu jirage su zauna, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abubuwan da zan lissafa ba su fi ƙarfin ƙauye ba. A zaɓi wurin sauka guda mai tauri, a gwada zurfinsa da sanda duk sa'ad da ruwa ya ƙaru ko ya ragu. A kafa turke mai ƙarfi na ɗaure jirgi. A jera duwatsu ko buhunan yashi ko katako, yadda za a hau jirgi ba a tsoma ƙafa a ruwa ba. Wannan maganin santsi ne da tsargiya gaba ɗaya. A rataya tsohuwar tayar mota a gefen jirgi don kada ya gogi wani. A shata layi da fenti a jikin kowane jirgi, in ruwa ya taɓa layin, lodi ya ƙare. A ajiye doguwar sanda da jarka mai igiya a gaɓa, kowa ya san ba ta ɗiban ruwa ba ce. A raba wurin wankan yara da wurin tsayawar jirgi. Ranar kasuwa da ranar Salla da ranar buki, a sa dattijo mai kwarjini ya tsaya yana ƙirga masu shiga.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga watan Yuli ta kowace shekara don tunawa da rigakafin nutsewa a ruwa, ga shi kuwa ta faɗo daidai tsakiyar daminarmu. Ku zo ɗakin shan magani ku ce a nuna muku yadda a ke hura iska da danna ƙirji, domin abin hannu ne, karatu kaɗai ba ya isa.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. To, amma ba wanda ke barin akuyarsa a sake a bakin rijiya don wannan magana. Yadda ka ke ɗaure dabbarka, haka za ka tsare ɗanka. Ku riƙe abu uku ko kun manta saura: kada ku shiga jirgin da ya cika, kada ku miƙe sai an ɗaure, in kuma an tsamo mutum ba ya numfashi, iska za a ba shi, ba danna ciki ba.

Mako mai zuwa za mu yi magana a kan saran maciji a gona.